Rijiyar da Muka Ba Ruwa

Yanzu idan ka tari mota a kudancin Jidda ka ce wa direba ya kai ka Rijiya, ba zai tambaye ka ko ina ne ba. Ko ɗan Yaman ne ko ɗan Pakistan, zai murguɗa baki ya ce "Rijiyya", ya nufi bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya na Khumra. Bai san ma'anar kalmar ba. Bai kuma san matar nan mai ƙiba da ke zaune a bayansa tana tsaye a wurin ranar da aka fara sara ƙasar ba. Wani lokaci nakan gaya musu, wani lokaci in bar su da jahilcinsu, ya danganta da yadda gwiwata ta tashi a ranar.

Ni a unguwar Nuzla, cikin Jidda, aka haife ni, haka ma mahaifiyata. Kakanninmu ne suka zo aikin hajji a ƙasa, suka ga wuri suka zauna. Maigidana kuwa baƙo ne, daga ƙasar Maraɗi ya zo, ɗan gidan mahaƙa rijiya. Ubansa da kakansa duk a cikin rami suka tsufa. Da ya iso Jidda babu wanda ya tambaye shi rijiya, sai ya zama mai loda kaya a wani sito da ke Khumra. Kada a sa ran jin sunansa a bakina, ban taɓa faɗa ba, ba kuma yau zan fara ba.

Da muka yi aure ba mu da inda za mu zauna, sai Ummi, wato mahaifiyata, ta ba mu ɗakin kwano da ke saman benenta. Ni dai gida na koma, shi kuwa kurkuku ya shiga. Duk wanda ya san kunyar surukai irin ta mutanen can zai gane. Matakalar benen ta gaban ƙofar Ummi ta bi, saboda haka kullum safe da yamma sai ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida labule. Ba ya cin abinci ya ƙoshi, ba ya dariya da ƙarfi, ko tari sai ya sa hannu ya danne. Ita kuma Ummi ba ta taɓa yi masa magana baki da baki ba. Ko yana tsaye a gabanta, ni za ta kalla ta ce, "Gaya wa mijinki ya rufe ƙofar waje." Ƙato guda mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa, na ga yana ramewa a gabana, abin ya riƙa ci mini rai.

Rannan sai ya dawo daga aiki yana sheƙi kamar wanda aka yi wa albishir da Aljanna. Wai kafilinsa, wato mai siton da ya tsaya masa a takardun zama, yana da wani ƙaton fili mai katanga a baya, ba kowa sai karnuka, yana kuma son mutane su zauna don a daina haura masa. Ya ce ma'aikatansa masu iyali su gina abin da za su iya ginawa. Na ce, "A khala za ka kai ni, dajin Allah? Inda ko biredi sai an hau mota?" Ya ce, "Ke dai zo ki gani." Na je na gani. Ƙasa ce fara fat, ta yi ɓawo, tana ƙarar-ƙarar a ƙarƙashin takalmi. Babu itace ko ɗaya, sai hankaki a kan katanga da iska mai warin teku. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ga ya tsaya a tsakiyar filin ya buɗe ƙirji ya yi tari mai ƙarfi, ya ƙara, ya kuma fashe da dariya shi kaɗai. Na rufe bakina. A makon nan muka kwashe kaya.

Gidaje biyar muka fara. Babbanmu wani dattijo ne mutumin Chadi, magini a unguwar masana'antu ta Jidda, kowa Baba yake ce masa. Sauran mutanen Damagaram ne da iyalansu. Da katakon da ake ɗora kaya a kai muka yi bangon farko, sai ragowar bulo da kwanon da aka yar. Baba ya jera bulo a ƙasa ya ce nan ne masallaci, ya hau kan durom ya kira salla, karnuka suka taya shi. Kafili ya bari aka ja mana wayar wuta daga sito. Na dasa tsiron darbejiya a cikin gwangwanin madara, na ajiye a ƙofar ɗakina. Daren farko maigida ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Abu ɗaya ne ya sha mana kai, ruwa. Famfo ɗaya ne a cikin sito, sai maza sun tashi aiki su cika jarkoki su turo a baro. Da wannan za a sha, a dafa, a yi alwala, a wanke yara. Wanka kuwa sai dai shafe-shafe. A Jidda wanda famfo bai kai wa ba wayit yake kira, wato motar tankin ruwa, ta zo ta juye masa a khazzan, tankin siminti da ake ginawa a ƙarƙashin gida. Mu ba mu da khazzan. Direban wayit kuma ba zai shigo jeji don ya tsaya yana cika wa mata bokiti ɗaya-ɗaya ba, shi dai ya kwance tiyo ya juye ya tafi. Mun roƙi biyu, duk suka yi mana dariya.

Sai maigida ya ce zai haƙa rijiya.

Na ce, "Ya sheikh, nan Jidda ne. Ga teku can kana jin warinsa. Duk ramin da ka haƙa gishiri za ka tarar."

Ya ce, "Mi kika sani ga sha'anin ƙasa, ke da aka haifa bisa siminti? Gishirin na sama ne. In an wuce shi akwai ruwa mai daɗi. Ubana ya haƙa inda ta hi nan muni."

Na ce, "Uban naka ya taɓa ganin teku?"

Ya yi kunnen uwar shegu da ni. A wurinsa zancen ya wuce na ƙishirwa. Shi a yadda ya taso, duk inda mutane suka sauka ba su haƙa rijiya ba, zango ne suka yi, gobe za su tashi. Kuma duk mazan nan haka suka taso, har Baba da ya fi shekara talatin a ƙasar nan. Cikinsu ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya hana Larabawan da suka riga mu haƙawa. Suka sa ranar Juma'a, aka yi gayya.

Gaskiya ranar na ga mijina yadda ban taɓa ganinsa ba. Ya zagaya filin ba takalmi, ya tsuguna ya murza ƙasa, ya zana da'ira da tsinke, ya yi bisimilla ya kai sara. Sauran suna jan ƙasa da igiya, mu mata muna dama fura. A garinsu, in ji shi, sai a yi gaba ashirin ba a ga danshi ba. A nan kuwa bai cika gaba biyu ba ya ɗaga kai daga cikin ramin ya yi kabbara. Ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙafarsa. Matan Damagaram suka rangaɗa guɗa, ni ma don kada a ce ina baƙin ciki na taya su. Aka bar ruwan ya kwanta, aka ɗebo a ƙwarya. Al'adarsu ce babban gari shi ke fara sha, sai aka miƙa wa Baba. Ya gyara hula, ya yi addu'a mai tsawo, ya kafa kai ya yi kurɓa babba irin ta mai azumi.

Har yau in na tuna fuskarsa sai na riƙe ciki. Ido ya yi ja, gemu ya karkace, ya waiwaya hagu da dama yana neman inda zai zubar ba tare da ya kunyata mahaƙi ba. Daga ƙarshe ya feso shi a kan takalminsa. Ya goge baki ya ce, "Wannan ko a miya aka sa ya yi yawa."

Kowa ya yi dariya ban da mutum ɗaya. Ya fito daga ramin, ya karɓi ƙwaryar ya ɗanɗana, ya ajiye a hankali. Washegari ya koma ya ƙara zurfi, wai zai wuce gishirin. Ruwan ya ƙara ɗaci. Ya bari.

Daga nan mutane suka karaya. Zafi ya shigo, yara suka cika da ƙuraje, gida ɗaya suka ɗaure kaya suka koma cikin gari. Ni kuma lokacin cikina na fari ya tsufa. Ana haka Ummi ta zo ganin inda aka kai 'yarta. Ta sauko daga mota ta tattare abaya, ta zagaya ɗakuna, ta leƙa jarkoki, ta je ta tsaya a bakin rijiyar ta daɗe tana kallo. Maigida na durƙushe can gefe kansa a ƙasa. Ta juyo gare ni.

"Gaya wa mijinki, haihuwar fari a gida ake wankanta. Ko ba al'ada ma, da me za ki yi wankan jego a nan? Da jarka? Safe da yamma tukunya cike, har a yi arba'in. Kina haihuwa zan ɗauke ki daga asibiti. Na sa an share ɗakin sama. Kuma ki gaya masa jikana ba zai dawo wannan khala ba. In yana son iyalinsa ya san matakala. Khalas."

Ba ta yi ƙarya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mai jego ruwa take ci kamar gona. Da ta tafi matan suka same ni suka ce, in dai ke matar mai rijiya kin tafi, mu zaman me za mu yi? Nan na gane cewa duk garin a kan cikina yake tsaye. In na koma Nuzla kowa zai watse, shi kuma ya koma gaida labule har ya mutu.

Kwana biyu hankalin maigida na kan rijiyar nan. In ya dawo aiki sai ya je ya zauna a bakin ramin ya zuba masa ido. Wata la'asar na gama wanke tukunya da ruwan da bai kai kofi uku ba, bayana na ciwo, na hango shi a zaune. Haƙurina ya ƙare. Na taka har inda yake na riƙe ƙugu.

"Kallonta za ka yi ta yi har ta yi zaƙi? Kowa rijiyarsa ba shi ruwa take yi, kai taka sai dai a ba ta! Yalla, tashi ka ɗauko jarka ka shayar da ita, tunda 'yarka ce!"

Na juya zan tafi, ya ce, "Mi kika ce?"

Na ce, "Ka ji ni sarai."

"A'a, sake hwaɗi."

"Na ce rijiyarka sai dai a zuba mata ruwa!"

Ya miƙe tsaye a hankali. Na ɗauka yau za a yi ta, har na gyara ɗaurin zane. Sai ya wuce ni da sauri, ba takalmi, ya nufi ɗakin Baba yana kira. Ina jin su ta taga. Baba ya ce ramin dai rami ne, wayit ba ruwansa da sunan da aka ba shi. Abin da ake bukata a hana ruwan ƙasa shigowa, a hana wanda aka zuba fita. Zai yi wuya, in ji shi, don ƙasar nan tana cin siminti, amma ya gina wa masu kuɗi irin wannan khazzan a bakin teku, bai ga abin da zai hana ya gina wa kansa ba. Suka fito tare, maigida ya kalle ni ya ce, "Allah shi yi miki albarka." Ni da na zo faɗa, na koma da albarka.

Aka sake gayya, wannan karon har mata. Aka cike zurfin da ya ƙara da duwatsu, aka faɗaɗa ramin ta ƙasa, aka bar bakinsa yadda yake, zagayayye, don maigida ya rantse ba za a mayar masa da rijiya akwati ba. Wahalar ita ce ruwan gishirin ba ya hutawa. Ana kwashewa yana dawowa, dole wasu na kwarfa wasu na zuba kankare. Gishiri ya tsattsaga musu ƙafafu har jini. Aka dafa kwalta a rabin durom aka shafe bayan bulo, aka yi yaɓe, aka sake yi, Baba na bi da tafin hannu yana neman inda ya yi gumi. Sau biyu yana sa a farfasa gefe guda a sake. Matan suka jera suna miƙa bulo hannu da hannu. Ni da ba na iya sunkuyawa aka bar mini tukunya da baki, kuma duka biyun na yi aiki da su.

Ranar da za a kawo ruwa maigida da kansa ya je tashar wayit, ya shiga gaban mota don nuna hanya, tunda wurin ba shi da suna. Direban wani ɗan Sudan ne dogo. Ya sauko yana jan tiyo yana tambayar inda tankin yake, "Fen al-khazzan?" Aka nuna masa. Ya ga bakin rijiya da gini zagaye, da itace a gicciye, da guga na robar taya a rataye. Ya ce wannan mene ne? Yara suka haɗa baki suka ce, "Rijiya!" Ya maimaita, ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce shekarunsa nawa yana wannan aiki, bai taɓa kai wa rijiya ruwa ba sai yau. Ya sake ruwan. Ƙarar zubarsa a cikin ramin nan, wallahi ban taɓa jin kiɗan da ya kai ta daɗi ba. Shi ne ya koma tasha ya ba abokansa labari, daga ranar duk wanda za a aiko sai a ce masa ya je Rijiya.

Ba mu yi guɗa ba, mun koyi hankali. Baba ya sa gawayi ya yi alama a bango daidai inda ruwan ya tsaya, ya ce a jira. Kowace safiya sai ka ga manya sun kewaye rami sun zura kai. Ruwa bai sauka ba, bai kuma hau ba. Ruwan farkon warin siminti yake, da shi muka yi wanki da wanka, yara suka yi ta tsalle a cikin baho. Aka wanke ramin tas, aka sake kiran wayit. Washegarin zuwansa naƙuda ta kama ni.

Mace na haifa. Ita ma ba za a ji sunanta a nan ba, 'yar fari ce. Da aka sallame mu Ummi ta rungume jaririya ta shiga mota ta ce wa direba Nuzla. Na ce, "Ummi, mu biya in ɗauki kayana." Ta harare ni, amma ta yarda.

Muna shiga filin na ga kowa a tsaye a bakin rijiya, an yi shara an yayyafa ruwa. Ga wata ƙatuwar tukunya a kan duwatsu uku, ga itace a jibge, ga ganyen darbejiya da aka yanko daga cikin gari. Ba a kunna wuta ba. Maigida ya durƙusa, ya tura yaro da kofin ruwa a kan faranti. Ummi ta kalli kofin ta kalle ni.

"Gaya wa mijinki ni ba yarinya ba ce. Na san ruwan jarka."

Ta miƙo mini jaririya, ta naɗe hannun abaya, ta taka zuwa bakin rijiyar. Matar da aka haifa a Jidda, ba ta taɓa riƙe guga ba. Ta jefa shi ya faɗa a kife, ta sake, ta jawo da ƙyar rabi na zubewa a ƙafarta. Ba wanda ya yi gigin taimaka mata. Ta sa tafin hannu ta kurɓa. Ta riƙe a baki tana juyawa. Na ga Baba ya kau da kai, shi ya san abin da ake ji. Na ƙanƙame 'yar har ta yi ƙara. Ummi ta haɗiye. Ta ƙara kurɓa, ta wanke fuska, ta tsaya tana kallon cikin ramin.

Sai ta juyo. Ba ni ta kalla ba, shi ta kalla, ido cikin ido.

"Kai, zaman me kake yi? Tashi ka hura wuta, ruwan mai jego ba ya jira."

Sai da ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani take. Matan Damagaram suka saki guɗar da suka daɗe suna riƙo, Baba ya ɗaga hannu sama, ni kuwa na zauna a kan bulo na yi ta kuka, na daɗi. Ashana uku maigida ya karya kafin wuta ta kama. A ɗakina Ummi ta shimfiɗa tabarma, ita ta yi mini wanka har aka yi arba'in, tana yi tana mitar sauro. Ranar suna mutanen Nuzla suka cika motoci suka zo kallon rijiyar da ake ba ruwa, wasu ba su tafi ba sai da suka tambayi ko da sauran fili.

Waɗanda suka gudu suka dawo. Aka yi shago, aka yi wa masallaci rufi, wata ta fara tuyar ƙosai da safe don ma'aikatan sito. Darbejiyata ta fasa gwangwani, aka yi mata rami da ƙasar da aka ɗauko daga nesa, yanzu a ƙarƙashinta ake ɗaurin aure. Famfo ya iso daga baya, amma ba a daina ba rijiya ruwa ba, don in famfo ya ɗauke ita ake komawa. 'Yar tawa ta girma, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, amma in an tambaye ta "Min fen?", wato daga ina take, sai ta ɗaga kai ta ce, "Min Rijiya."

Ummi da ƙafa ta gaza, mu ta zaɓa ta zauna da mu. Duk baƙon da ya zo sai ta gaya masa ita ce ta matsa aka kafa garin nan, ko da yake kowa ya san bakin wa ya yi aikin. A ciwonta na ƙarshe jikoki suka cika mata ɗaki da ruwan roba mai sanyi. Ta ture. Na sunkuya na ce, "Ummi, me kike so?"

Ta ce, "A ɗebo mini a rijiyar ɗana."

Maigida na zaune a bakin ƙofa, gemu ya yi fari fat. Matasa suka tashi za su je, ya ɗaga musu hannu. Ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki guga da kansa.